Kabu-kabu: In Ya Buge Ki Ya Gudu, Wa Za Ki Kama?

Babu kasuwar da za ta ci a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Ƙonni ba tare da ƴan kabu-kabu ba. Amma ranar da ɗayansu ya yi ɓarna ya sheƙa, sai a rasa sunansa, a rasa lambarsa, a rasa mai moton. Ina igiyar take tsinkewa, yaya wasu garuruwa suka ɗaure ta, kuma mene ne namu kason laifin mu ƴan kasuwa?

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin Kasuwar Dole ta Damagaram ranar Alhamis da hantsi, ko ƙofar babbar kasuwar Maraɗi ranar Litinin ko Juma'a, ya san irin wannan. Mace ta fito da tiren ƙwai ko kwanon tumatir a ka, tana neman ta tsallaka titi. Moto ya ɓullo ta hannun da bai kamata ba, ya goge ta, ta faɗi, kaya suka watse. Kafin jama'a su gama salati, yaron ya miƙe da motonsa ya shige lungu. Sai a hau tambaya: wa ya gane shi? Wani ya ce jan Kasea ne. Jan Kasea kuwa a garin ya fi a ƙirga. Wani ya ce ya ga fuskarsa, amma bai san unguwarsu ba. Lamba fa? Babu lamba a bayan moton, ko kuma laka da baƙin mai sun rufe ta.

A ƙarshe ƴan uwanta mata su haɗa mata ɗan abin da ya samu, a kai ta likita ko wurin mai ɗori, a ce ta yi haƙuri, ƙaddara ce. Jarin mako ya tafi, uwar adashe na jiran zubi, wanda ya yi ɓarnar kuma yana can wata unguwa yana ɗaukar fasinja. Washegari sai a ga ƴan sanda sun tare shatale-tale suna kame. A kwashe motoci masu ƙafa biyu ashirin ko talatin a kai furiyar, wato wurin da hukuma ke tsare ababen hawa. Mai laifin jiya ba ya cikinsu.

Sana'ar da ta riga doka zuwa

Kabu-kabu ba jiya ya fara ba. A ƙasarmu ana danganta farkonsa da Birnin Ƙonni, lokacin da gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakokin Najeriya a watan Afrilun 1984, ba a buɗe ba sai 1986. Motoci sun kasa wucewa ta babbar hanya tsakanin Ƙonni da Illela, sai masu babur suka fara ratsawa da mutane da kaya ta hanyoyin daji. Da aka buɗe iyakar, sana'ar ba ta mutu ba, sai ma ta shigo cikin gari.

Abubuwa uku suka ƙara mata ƙarfi. Karyewar darajar sefa a watan Janairun 1994 ta jefa gidaje da yawa cikin ƙunci, matasa suka bazama neman abin yi. Daga farkon shekarun 2000 baburan Sin masu araha suka cika kasuwa, abin da a da sai ma'aikaci ko babban ɗan kasuwa ke saye ya zama na kowa. Ga kuma esansin bakin hanya da ake shigowa da shi daga Najeriya a cikin jarkoki da kwalabe, wanda ya daɗe yana araha, har zuwa lokacin da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayun 2023. Garuruwa kuma suna ta faɗaɗa, sababbin unguwanni na yashi inda taksi ba ya yarda ya shiga. A can, in ba kabu-kabu ba, sai ƙafa ko amalanke.

Haka sana'ar ta girma ba tare da an yi mata rajista tun tana ƙarama ba. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Doka tana nan a rubuce

Kada wani ya ce babu doka. Ƙasarmu tana da kundin dokokin hanya, wanda aka sabunta a 2014, akwai kuma hukumar kiyaye haɗurran hanya, ANISER. Abin da ake buƙata ga mai tuƙa moto sananne ne: lasin tuƙi, wato parmi, takardar mallaka, wato kartigiris, lamba a jikin moton, hular kwano, wadda ake cewa kaski, da kuma asiransi. Asiransin ma dole ne a dukan ƙasashen da ke ƙarƙashin yarjejeniyar CIMA da aka sa wa hannu a Yawunde a 1992, Nijar na cikinsu. Mai yin haya da moto kuma yana da harajin da yake biyan ma'aikatar magajin gari, domin tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 tsara zirga-zirgar cikin gari ya koma hannun kwamin. Tun watan Afrilun 2024, da aka rushe majalisun kwamin, kantomomin da aka naɗa ne ke riƙe da wannan aiki.

To in doka tana nan, me ya hana a kama mai laifi? Amsar ita ce, hukunci sai da suna. Ɗan sanda ba ya iya rubuta tara a kan "wani yaro mai jan moto". Dole a bi sawu daga moto zuwa takarda, daga takarda zuwa mutum, daga mutum zuwa gidansa. A wurare huɗu wannan igiya ke tsinkewa.

Na farko, lamba. Da yawan motocin haya sun shigo ta ɓarauniyar hanya, ba su bi ta duwan ba, don haka ba su da takardar da za a yi musu lamba da ita. Wasu suna yawo da lambar Najeriya, wasu babu komai, wasu kuma sun lanƙwasa lambar ko sun shafe ta da gangan. A tsohon tsari ma, da ka ga lamba ka san jahar da abin hawa ya fito: 4 Maraɗi, 5 Tawa, 7 Damagaram, 8 Yamai. Moton da ba ya da lamba ba ya da gari, ba ya da uba.

Na biyu, sunan da ke kan kartigiris. Moto ɗaya yana iya wucewa ta hannu huɗu ko biyar, ana cinikinsa da baki a bakin kasuwa, dillali ya karɓi la'adarsa, a miƙa takarda yadda take. Ba wanda ya je ya sauya suna, saboda kuɗi da dogon layi. Ranar da aka bi lambar, sai a tarar da sunan wani bawan Allah da ya sayar da moton shekara shida da suka wuce, wataƙila ma ya riga mu gidan gaskiya.

Na uku, mai tuƙi daban, mai moto daban. Galibin yaran nan ba nasu ba ne. Wani Alhaji ne ko wata Hajiya ko wani ma'aikaci ya saya ya ba yaro, yana kawo kuɗin rana, ko kuma yana biya kaɗan-kaɗan har moton ya zama nasa. Shi yaron ma, in ya gaji da tsakar rana, sai ya miƙa wa abokinsa ko ƙanensa ya ɗan yi ƴan awoyi. Mai moton bai san wanda ke kansa ba a lokacin da aka yi haɗarin.

Na huɗu, mazauni. Bayan girbi samari na kwararowa daga ƙauyuka, su yi kabu-kabu watannin rani, su kwana a shago ko a tasha, da ruwan farko ya sauka su koma gona. Wanda ya yi ɓarna a cikinsu, kafin magariba ya kai ƙauyensu.

Kame: mai gaskiya ke shan wuya

Da yake ba a iya bin sawun mutum ɗaya, sai hukuma ta koma ga abin da ya fi sauƙi: a tare hanya a kama duk wanda ya faɗo. Kame yana da amfaninsa, don yana tilasta wa wasu yin takardu. Amma ku duba wanda yake faɗawa tarkon. Tantirin da ya san gari, da ya hango kakin ɗan sanda daga nesa zai juya ya bi lungu, a guje kuma, wani lokaci a wannan gudun ne ma yake take yaro ko tsohuwa. Wanda ke tsayawa shi ne mai iyali da ya ɗauko buhun albasar Galmi da mai buhun a baya, ba shi da halin juyawa.

Mu yi lissafi irin namu na kasuwa. A ce yaro yana kai wa mai moto jikka biyu a rana. An kama moton ranar Litinin, ba a sake shi ba sai Juma'a. Mai moto ya rasa jikka takwas ko goma, ban da tara da kuɗin furiyar. Yaron ya rasa abin cefanen kwana biyar. Ita kuma mai kayan da aka sauke a tsakiyar hanya da rana tsaka, sai ta nemi wani moton ta sake biya, tumatirinta ko kifinta na lalacewa. Ranar kame kuɗin hawa yana tashi, masu saye daga unguwannin nesa ba sa zuwa, ciniki ya ragu.

Sai kuma abin da kowa ya sani, ko da ba a son faɗa. Tara ta gaskiya tana da takarda: a rubuta laifin, a faɗi kuɗin da doka ta yanka, a yago maka resi, kuɗin su shiga baitulmali. Amma sau da yawa magana tana ƙarewa a gefen hanya, hannu ya gaisa da hannu, babu resi. Ba dukan ma'aikata ba ne, kuma ba su kaɗai ke da laifi ba, don mai bayarwa ma yana neman sauƙi ne. Illar ita ce laifin bai shiga kowane littafi ba. Yaron da aka kama sau goma yana tsallake jar wuta, a idon hukuma kamar bai taɓa yi ba. Ya ɗauki abin a matsayin kuɗin hanya, ya ƙara shi a kan kuɗin fasinja. Wato a ƙarshe ke ce, uwargida, kike biyan tarar.

Yadda wasu suka yi

Fataken da suka taɓa zuwa tashar jirgin ruwa ta Kwatano sun san ƴan zemijan, wato ƴan kabu-kabun can. Sunan da harshen Fon yana nufin "ɗauke ni da sauri". Kowannensu yana sanye da riga ruwan ɗorawa, da lambar rajistarsa rubuce ɓaro-ɓaro a gadon baya, daidai inda idon fasinja yake. Wasu garuruwan Benin suna da nasu launin. Wannan bai hana haɗari ba, amma mace ko ba ta yi lakwal mai zurfi ba tana iya riƙe lambar da ke gabanta tun daga hawa har sauka.

A Kigali, babban birnin Ruwanda, sun wuce nan. Ɗan moto yana cikin ƙungiya, yana da riga mai lamba, yana ɗauke da kaski biyu, nasa da na fasinja, kuma mutum ɗaya tak yake ɗauka. Akwai na'urorin ɗaukar hoto a kan tituna; in abin hawa ya wuce gudun da aka ƙayyade, sai saƙon tara ya shigo wayar wanda sunansa ke kan takarda. Amma a lura: na'urar ba ta da amfani sai da lamba ta gaskiya da suna na gaskiya. Wanda ya kafa irinta a garin da rabin motocin ba su da lamba, ya sayi makulli ne babu ƙofa.

Maƙwabtanmu na kudu sun bi wata hanyar. A farkon 2009 Najeriya ta tilasta sa hular kwano ba tare da an tanadi isassun huluna masu araha ba, har aka riƙa ganin ƴan acaɓa da ƙwarya ko tukunya a ka. A Kano, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero a watan Janairun 2013, an hana ɗaukar fasinja a babur, adaidaita sahu ta maye gurbi, hukumar KAROTA ta yi musu lamba a jiki. Lambar ta taimaka wurin gano mai laifi da kayan da aka manta, amma da haraji ya yi yawa direbobin sun yi yajin aiki a 2021 da 2022, kasuwannin Kano suka ji a jikinsu. A Legas kuwa, tun watan Yunin 2022 aka haramta acaɓa a manyan sassan birnin, ana murƙushe baburan da aka kama, ciki har da na ƴan ci-rani daga ƙasarmu.

Mu ma mun ga abin da hani ke haifarwa. A 2015, bayan hare-haren Boko Haram a Bosso da Diffa, dokar ta-ɓaci ta hana hawan moto a jahar Diffa. An yi irin haka a Tillaberi a 2020. Dalilin tsaro ne, ba na dokar hanya ba. Amma darasin a fili yake: samari suka zauna babu aiki, kayan ƙauye suka kasa isa kasuwa, mai naƙuda ta rasa abin da zai kai ta likita. Duk garin da ya kasa bambance mai laifi da mara laifi, wata rana hukuncin zai hau kan kowa.

A ji ta bakin ɗaya ɓangaren

Adalci ne a faɗi abin da ƴan kabu-kabu ke kuka da shi. Kuɗin parmi da kartigiris da asiransi in aka haɗa su sun fi ƙarfin wanda ke neman na tuwon dare. Mai moto yana son kuɗinsa cif-cif ko an yi ciniki ko ba a yi ba, wannan ne ke sa yaro gudu don ya ƙara zuwa ɗaya. Babu tashoshin da aka keɓe musu a bakin kasuwanni, duk inda suka tsaya laifi ne. Yawancinsu a fili suka koyi tuƙi cikin kwana biyu, ba wanda ya taɓa nuna musu ma'anar alamomin hanya. Kuma in sun gudu bayan haɗari, ba kullum rashin imani ba ne: sun ga yadda jama'a ke rufar wa wanda ya tsaya da duka kafin ƴan sanda su iso.

Sannan akwai namu. Wa ke ɗora wa yaro buhu biyu da jarka, ya hau kai, ya ce a yi sauri kafin a rufe shago? Wa ke cewa a bi hannun da aka hana don ya fi kusa? Wa ke ƙin kaski don kada ya ɓata ɗaurin ɗankwali ko karin hula? Mu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma a Afirka ne abin ya fi muni in aka kwatanta da yawan jama'a. Ta ce kaski mai kyau da aka ɗaura daidai yana rage haɗarin mutuwa fiye da ninki 6, yana rage raunin ƙwaƙwalwa har kashi 74 cikin ɗari. Ɗankwali ana sake ɗaurawa.

Abin da za a iya yi ba da kuɗi mai yawa ba

Maganin bai buƙaci na'urorin Kigali tukuna. Yana buƙatar littafi da riga. Kowace tasha ta kabu-kabu tana da shugaba, kuma akwai sandika. A sa kowane mai tuƙi ya yi rajista a tasharsa: sunansa, hotonsa, lambar wayarsa, ƙauyensu, sunan mai moton, da wanda ya tsaya masa. Kwafi ɗaya a sandika, ɗaya a ma'aikatar magajin gari, ɗaya a kwamisariya. A ba shi riga mai manyan lambobi gaba da baya, a rubuta lambar a jikin tankin moton. An sha raba irin waɗannan riguna a garuruwanmu, bayan ƴan watanni su ɓace, domin an ɗauke su hanyar tara kuɗi, ba a haɗa su da littafi ba. Rigar da ake saye a kasuwa ko ake ara wa aboki ado ce kawai.

Hukuma kuma ta buɗe wani ɗan lokaci na rangwame don masu moto su gyara takardu da sauya suna, kafin a matsa. A liƙa jerin laifuffuka da kuɗin tarar kowanne a tashoshi da ƙofofin kasuwa, da Hausa da ajami, a karanta a gidajen rediyo. A buɗe hanyar biyan tara ta waya ko a wurin aika kuɗi, kamar yadda muke aika wa iyalanmu, don a rage miƙa hannu a gefen titi. Kuma a riƙa rubuta laifi a kan lambar mai shi: na farko gargaɗi da tara, in ya yawaita a karɓe rigar.

Kafin hukuma ta motsa, ga abin da ke hannunmu. Hajiya, ki riƙa hawa a tashar da aka sani, ki sami yaro ɗaya ko biyu da kika san gidansu, ki riƙe lambar wayarsu. In za ki aika kaya babu rakiya, ki duba lambar moton a gaban idonsa. Alhaji mai motocin haya, ka sa kartigiris da sunanka, ka rubuta yarjejeniya da yaronka a gaban shaidu, ka hana shi ba da aro, domin ranar da aka bi lamba ƙofarka za a ƙwanƙwasa. Ka yi asiransi, ka kuma faɗa musu cewa na haya ne. A sani kuma, asiransin dole yana biyan raunin da aka yi wa wasu mutane da ɓarnar da aka yi wa dukiyarsu, amma ba ya biyan hajar da aka ɗora a kan moton. Wannan tsakaninki ne da mai ɗaukar.

In haɗari ya auku, a riƙe mai moton amma kada a taɓa lafiyarsa. A kira ƴan sanda a lamba 17, ƴan kwana-kwana a 18. Ko da za a yi sulhu a gaban sarkin kasuwa ko mai unguwa, a bari a rubuta abin da ya faru tukuna, don targaɗen yau yana iya zama karaya gobe. In kuma tara ta hau kanka, ka biya, ka nemi resinka.

Yaran nan ƴaƴanmu ne da ƙannenmu, kuma su ne ƙafar kasuwa. Mai gaskiya a cikinsu shi zai fi kowa murna da lamba, don ita ce za ta raba shi da ɓarayin waya da masu fizgen jaka da ke fakewa da sana'arsa. Shugabannin ƴan kasuwa da na ƙungiyoyin mata suna da bakin da ake ji a ma'aikatar magajin gari. Lokaci ya yi da za su zauna da sandikan ƴan kabu-kabu su kai wannan buƙata tare, tun ba a sake kwantar da wata a gadon likita ana tambayar wa ya gane shi ba. Allah shi kiyaye hanya, shi ba da kasuwa mai albarka.